WhatsApp, Telegram ko Signal: Wacce Ta Dace da Buƙatarka?

A cikin azumin da ya wuce aka ƙwace asusun wata gwaggota a WhatsApp, manhajar da danginmu ke zumunci a cikinta. Wani ne ya kira ta da hantsi, ya yi sallama cikin ladabi, ya ce, "Hajiya, ya ibada?" Sannan ya gabatar da kansa a matsayin sabon mai kula da zauren iyayen yara na Islamiyyarsu, ya ce za a yi taro ta waya bayan tarawi, kuma an tura wa kowa lambar shiga taron. Ta duba saƙonninta, ta ga lambobi shida, ta karanto masa ɗaya bayan ɗaya. Kafin azahar manhajar ta fitar da ita, kafin a sha ruwa kuwa an riga an tura wa 'ya'yanta da ƙannenta saƙo da sunanta da hotonta, wai tana asibiti, a agaza mata da naira 50,000 zuwa gobe. Mutum biyu sun tura.

Bayan an dawo da asusun sai muhawara ta kaure a tsakanin dangi. Wasu suka ce a tattara a koma Telegram domin sun ji an ce ta fi tsaro, wani ɗan'uwanmu da ke karatun kwamfuta ya ce Signal ce kaɗai abin dogaro, manya kuma suka ce su dai ba za su iya koyon sabon abu da girmansu ba. Wannan rubutu domin mai irin wannan ruɗani ne. Zan fara da ma'aunan da ya kamata a auna kowace manhaja da su, sannan in ɗauki manhajojin ɗaya bayan ɗaya.

Ma'aunan da za a duba

Na farko shi ne sirrin saƙo, wato wane ne zai iya karanta abin da ka rubuta. Akwai tsarin da ake kulle saƙo tun daga cikin wayar mai aikawa, ba ya buɗuwa sai a wayar mai karɓa, ta yadda ko kamfanin da ya yi manhajar ba shi da mabuɗinsa. Wannan shi zan riƙa kira cikakken kulle. Akwai kuma tsarin da ake kulle saƙon a hanya kawai, ya isa rumbun kamfani a ajiye shi a can, mabuɗin kuma yana hannun kamfanin. Duka biyun suna kare ka daga mai leƙen saƙo a hanya, amma na farko ne kaɗai yake kare ka daga kamfanin kansa da duk wanda zai iya tilasta masa.

Na biyu shi ne tsaron asusu: yaya wahalar ƙwace shi take, kuma idan an ƙwace, yaya sauƙin dawo da shi? A ganina wannan ma'auni ya fi kowanne nauyi ga yawancinmu. Ba a karya kullen saƙon gwaggota ba, ita ce ta miƙa mabuɗin ɗakin da bakinta. Dukkan manhajojin uku da lambar waya ake yin rajistarsu, kuma duk wanda ya samu lambobin da ake turowa layinka zai iya zama kai a idon manhajar, sai fa idan ka ƙara wani makulli na biyu.

Na uku shi ne ɗorewa. Waya tana faɗawa ruwa, ana fizge ta a kasuwa, allonta yana mutuwa. Ranar da haka ta faru, ina rasiɗan ciniki, da saƙonnin muryar mahaifi da ya rasu, da hotunan takardun fili? Na huɗu shi ne kuɗi, kuma a nan ba kuɗin sauke manhaja ake nufi ba, domin duk kyauta ne. Ana nufin datar da take ci, musamman tun da hukumar sadarwa ta Najeriya, NCC, ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a farashin kira da data a watan Janairun 2025, da wurin da take cikewa a waya, da kuma bayanan da kamfani yake tarawa a kanka a madadin kuɗi. Na biyar shi ne sauƙi, wanda rabinsa tambaya ɗaya ce: mutanen da kake son magana da su suna can?

WhatsApp

Jan Koum da Brian Acton ne suka kafa ta a 2009, kamfanin Facebook, wanda yanzu ake kira Meta, ya saye ta a 2014 a kan kimanin dala biliyan 19. Tun watan Afrilun 2016 dukkan hirarraki da kiraye-kirayenta, har da na cikin zaure, suna da cikakken kulle, kuma fasahar kullen daga masu Signal aka ɗauko ta. Ta fuskar abin da ke cikin saƙo ke nan babu abin zargi a kanta. Inda ake ƙorafi shi ne bayanan da ke kewaye da saƙon: lambarka, irin wayarka, lokacin da kake hawa, adireshin intanet ɗinka, da lambobin da kake mu'amala da su. Wani ɓangare na irin waɗannan bayanai yana isa ga Meta, kuma a kan yadda ake sarrafa bayanan 'yan Najeriya ne hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC, ta ci kamfanin tarar dala miliyan 220 a watan Yulin 2024, kotun sauraron irin waɗannan ƙararraki kuma ta tabbatar da hukuncin a watan Afrilun 2025.

Ta fuskar tsaron asusu, WhatsApp ce 'yan damfara suka fi kai wa hari a wurinmu, kuma dalilin a fili yake: a nan jama'a suke. Hanyoyinsu uku ne sanannu. Akwai ta neman lambobi shida da dabara, kamar yadda na bayyana. Akwai ta sa mutum ya danna wasu lambobi masu farawa da tauraro, wai don ya samu kyautar data, alhali umarnin karkatar da kiransa ne zuwa layin ɓarawo, wanda daga nan zai nemi a karanto masa lambar rajista ta kiran murya. Wanda ya yi zargin an yi masa haka ya danna ##002# ya kira, wannan yana soke duk wani karkatar da kira. Ta uku ta fi kusa da gida: wanda ya riƙe wayarka na minti ɗaya a buɗe zai iya haɗa asusunka da kwamfutarsa ko wayarsa, tunda manhajar tana yarda a haɗa na'urori har huɗu, ya ci gaba da karanta hirarrakinka ba tare da an fitar da kai ba. Maganinta shi ne a riƙa leƙa jerin na'urorin da aka haɗa, a cire duk wadda ba a sani ba, musamman bayan an karɓo waya daga wurin mai gyara ko mai caji.

Makulli na biyu a nan shi ne tabbatarwa mai mataki biyu, wadda take cikin saiti a ƙarƙashin sashen asusu. Za ka zaɓi lambar sirri mai lambobi shida da kanka, ka haɗa da imel domin ranar mantuwa. Da gwaggota ta kunna wannan, da ɓarawon ya tsaya a bakin ƙofa da lambobin da ta ba shi. Idan kuma aikin gama ya gama, dawo da asusu ba shi da wuya matuƙar layin yana hannunka: ka sake yin rajista da lambarka, ka saka lambobin da aka turo, nan take za a fitar da wanda ke ciki. Idan ya riga ya saka tasa lambar sirrin, za ka jira kwana bakwai kafin ka shiga, amma shi ma an riga an fitar da shi. A cikin waɗannan kwanaki aikinka shi ne kiran 'yan'uwa da abokan ciniki ta layin waya kana sanar da su.

A wajen ɗorewa WhatsApp tana da rauni da mutane ba su cika lura da shi ba. Hirarrakinka a cikin wayarka suke, kamfanin ba ya ajiye su bayan sun isa, saƙon da bai isa ba ma kwana 30 kawai yake jira. Idan waya ta tafi, abin da zai cece ka shi ne kwafin ajiya a Google Drive ko iCloud. Tun farkon 2024 kwafin da ke Google Drive yana cin wuri daga cikin gigabait 15 da Google ke bayarwa kyauta, shi ya sa mutane da yawa ajiyarsu ta tsaya watanni ba su sani ba. Kuma kwafin ba ya samun cikakken kulle sai ka kunna da kanka, zaɓin da aka kawo a 2021, inda za ka saka kalmar sirri ko mabuɗi mai alamomi 64. Wanda ya kunna ya manta kalmar kuma ya rasa wayar, babu mai iya buɗe masa.

Sauran matsalolinta na yau da kullum masu sauƙin gyara ne. Waya tana cika saboda bidiyoyin zauruka da ke sauka da kansu, don haka a kashe saukar da kai a saiti, a shiga sashen sarrafa ma'aji a share manyan fayiloli da waɗanda aka yi ta turawa. Kashe saukar da kai yana rage cin data sosai. Idan saƙo ba ya shigowa sai an buɗe manhaja, yawanci tsarin tattalin batir na wayar ne yake kashe ta a bayan fage, sai a cire ta daga jerin waɗanda ake taƙaitawa. Idan ta ce kwanan watan wayarka ba daidai ba ne, a mayar da agogo kan saitin kai tsaye, a sabunta manhajar. Alamar isa guda ɗaya tana nufin saƙon ya bar wayarka amma bai kai wayar wancan ba, sau da yawa rashin sabis ne ko ƙarewar data a wurinsa. Abin da ba shi da sauƙin gyara shi ne dakatar da asusu saboda amfani da jabun manhajoji irin su GB WhatsApp. Ana son su don ganin saƙon da aka goge da makamantan haka, amma ba kamfanin ne ya yi su ba, babu mai ba ka tabbacin inda saƙonka yake bi, kuma dokar kamfanin ta hana su ƙarara. Ba na ganin akwai kwalliyar da ta kai a sayar da lambar kasuwanci a kanta.

A sauƙi kuwa babu mai ja da ita. Tana aiki har a tsofaffin wayoyin Android da yawa, saƙon murya ya buɗe ta ga wanda bai iya rubutu ba, zaure yana ɗaukar mutum 1,024, fayil yana kai gigabait 2. Sai dai a zaure na yau da kullum kowa yana ganin lambar kowa, kuma daga nan ne 'yan damfara suke tsintar sunaye da lambobi.

Telegram

'Yan'uwa biyu 'yan asalin Rasha, Pavel da Nikolai Durov, suka fito da ita a watan Agustan 2013, hedikwatarta kuma yanzu tana Dubai. Ta yi suna a matsayin mafaka duk lokacin da aka yi fushi da Meta. Ranar 4 ga Oktoban 2021, da Facebook da WhatsApp da Instagram suka ɗauke na kimanin awa shida, Pavel Durov ya ce mutum miliyan 70 ne suka yi sabuwar rajista a wurinsa.

A nan ne nake son mai karatu ya natsu, domin akwai kuskuren fahimta da ya yaɗu. Hirarrakin Telegram na yau da kullum ba su da cikakken kulle. Ana kulle su a hanya, a ajiye su a rumbun kamfani, kuma kamfanin yana riƙe da mabuɗin. Cikakken kulle yana samuwa ne a kiran mutum biyu, da sabon kiran rukuni da aka kawo a 2025, da kuma abin da suke kira hirar sirri, wadda sai ka buɗe ta da kanka, tsakanin mutum biyu kawai take yiwuwa, kuma tana zaune a wayar da aka buɗe ta kaɗai. Saƙonnin zauruka da tashoshi ba su da shi sam. Bayan an kama Pavel Durov a Faransa a watan Agustan 2024, kamfanin ya sauya ƙa'idarsa a watan Satumba, ya bayyana cewa zai iya miƙa lambar waya da adireshin intanet na wanda ake zargi da laifi idan hukuma ta zo da ingantaccen umarnin shari'a. Wanda ya bar WhatsApp ya koma Telegram domin sirrin saƙo, a gaskiya baya ya ci.

Amma wannan tsari na ajiya a rumbu shi ne kuma babban ƙarfinta. Idan wayarka ta faɗa rijiya yau, gobe ka shiga da lambarka a sabuwa, za ka tarar da komai yana nan, ba tare da ka taɓa yin kwafin ajiya ba. Mai ƙaramar waya yana iya share duk bidiyo da sautin da suka taru a cikinta, ranar da ya buƙace su ya sake saukewa. Zaure yana ɗaukar mutum 200,000, tasha ba ta da iyakar mabiya, fayil yana kai gigabait 2 kyauta, ko 4 ga mai biyan kuɗin wata-wata na Telegram Premium da aka fara a 2022. Sabon shiga tasha yana ganin duk abin da aka saka tun farko, shi ya sa malamai masu tara karatuttukan tafsiri da ɗaliban jami'a masu raba littattafai suke jin daɗinta. Ana kuma iya ɓoye lambar waya a yi mu'amala da laƙabi, ta yadda 'yan zaure ba za su ga lambarka ba.

Haɗarin ƙwace asusu a nan ya fi muni ta fuska ɗaya. Ɓarawon WhatsApp yana samun zaurukanka da sababbin saƙonni, amma tsofaffin hirarraki suna wayarka. Ɓarawon Telegram kuwa yana buɗe duk tarihin hirarka na shekaru. Saboda haka kalmar sirri ta mataki na biyu wajibi ce a nan, tare da imel na dawo da ita, domin wanda ya manta ta kuma ba shi da wata na'ura da ke ciki yana iya ƙarewa da share asusun baki ɗaya. A riƙa duba sashen na'urori ana rufe duk wata shiga da ba a gane ba. Wani abin da ke ruɗa mutane shi ne lambar shiga: idan asusunka yana buɗe a wata na'ura, can cikin Telegram ɗin ake tura ta, mutum kuma yana zaune yana jiran saƙon tes. Haka nan sabon asusu da ya yi ta tura saƙo ga baƙi yakan gamu da takunkumi idan aka kai ƙararsa, ya koma ba ya iya magana sai da waɗanda suke da lambar juna.

Sannan akwai yanayin wurin kansa. Manyan zauruka da tashoshin da ba a san masu su ba sun zama kasuwar masu alkawarin ninka kuɗi, da masu tallar kuɗin kirifto na bogi, da masu raba manhajojin da aka cusa wa ƙwayar cuta. Mataki na farko bayan rajista shi ne a hana kowa jefa ka cikin zaure sai wanda ke cikin lambobinka. Uba da zai ba ɗansa waya ya san cewa wannan manhaja ta fi sauran buɗaɗɗen fili.

Signal

Ita ce ƙarama a yawan jama'a, babba a sirri. Gidauniya ce mai zaman kanta wadda ba ta neman riba take tafiyar da ita, wadda Moxie Marlinspike da Brian Acton, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa WhatsApp, suka assasa a 2018 da jarin farko na dala miliyan 50. Babu talla a cikinta, da gudummawa take rayuwa, kuma rubutun da aka gina ta da shi a buɗe yake ga duk masanin da ke son bincikawa. Komai a cikinta yana da cikakken kulle, babu zaɓin kashe shi. Abin da ya bambanta ta da WhatsApp shi ne ƙarancin abin da take tarawa: a 2016, da wata kotu a Amurka ta nemi bayanan wani mai amfani da ita, abin da aka iya miƙawa shi ne lokacin da ya buɗe asusu da ranar da ya hau na ƙarshe. Tun 2024 ana iya ba mutum laƙabi maimakon lambar waya, ko da yake har yanzu da lamba ake yin rajista.

Makullinta na biyu shi ne kullen rajista, wanda yake aiki da lambar sirrin da ka zaɓa, kuma sai ka kunna shi da kanka. A ɗorewa ta daɗe tana baya, domin hirarraki a waya kaɗai suke, kuma mutane da yawa sun rasa komai wajen sauya waya. A watan Satumban 2025 ta fara fitar da tsarin ajiya mai kulle: kyauta ga rubutattun saƙonni da hotuna da bidiyon kwana 45 na baya, ko dala 1.99 a wata ga mai son ajiya har gigabait 100. Mabuɗin dawo da ajiyar yana hannunka kai kaɗai, idan ya ɓata ta tafi. Zaurenta yana ɗaukar mutum 1,000, fayil kuma ba ya wuce kimanin megabait 100, don haka ba wurin raba dogayen bidiyoyi ba ce.

Amfani da ita ba ya da wuya, duk wanda ya iya WhatsApp zai iya ta cikin yini ɗaya. Matsalarta ita ce kaɗaici, domin za ka sauke ta ka tarar da mutum uku ko huɗu kawai daga cikin ɗaruruwan lambobinka. Kuma ƙarfin kulle ba ya gyara sakaci. A watan Maris na 2025 manyan jami'an tsaron Amurka suna tattauna harin da za su kai Yaman a wani zauren Signal, sai aka saka babban editan mujallar The Atlantic, Jeffrey Goldberg, a ciki bisa kuskure, ya karanta komai. Duk mai zaure, a kowace manhaja, ya riƙa duba jerin mambobinsa kafin a faɗi abin da ba a son ya fita.

Messenger, manhajar hira ta Meta, ba ta shiga wannan awo sosai ba, domin rataye take da asusun Facebook. Ta samu cikakken kulle a hirar mutum biyu tun Disamban 2023, amma duk wanda ya ƙwace Facebook ɗinka ya same ta, kuma buɗe asusun bogi da hoton wani ya fi sauƙi a can.

| Ma'auni | WhatsApp | Telegram | Signal |
|---|---|---|---|
| Cikakken kulle | A dukkan hira da kira | A hirar sirri, kiran mutum biyu da sabon kiran rukuni | A komai |
| Makulli na biyu | Lambar sirri da imel | Kalmar sirri da imel | Kullen rajista |
| Idan waya ta ɓata | Sai da kwafin ajiya | Komai yana dawowa, ban da hirar sirri | Sai an kunna ajiya |
| Kuɗi | Kyauta | Kyauta, da zaɓin biyan wata | Kyauta, da zaɓin biyan ajiya |
| Girman zaure | 1,024 | 200,000 | 1,000 |
| Girman fayil | Gigabait 2 | Gigabait 2 ko 4 | Kimanin megabait 100 |
| Ɓoye lamba a zaure | A'a | Ana iya | Ana iya |
| Babban haɗari | Ƙwace asusu da damfarar dangi | Tarihin hira a rumbu, zaurukan damfara | Rasa hirarraki, ƙarancin jama'a |

Akwai rauni ɗaya da teburin bai nuna ba domin ya shafi ukun duka, wato layin waya. Layin da aka daɗe ba a amfani da shi kamfanin sadarwa yana iya karɓe shi ya sayar wa wani, kuma sabon mai shi zai iya karɓar lambar rajistarka. Wanda ya sauya layi ya yi amfani da zaɓin sauya lamba da ke cikin manhajar tun tsohon yana hannunsa. Wanda aka sace wa waya kuma, kafin ya fara tunanin sayen wata, ya garzaya ofishin kamfanin layinsa da lambarsa ta NIN a toshe tsohon sim a ba shi sabo. Saka wa sim ɗin kansa lambar sirri yana hana ɓarawo cire shi ya saka a wata waya.

Wacce ta dace da wa

Ga zumuncin dangi, musamman inda akwai iyaye da kakanni masu dogaro da saƙon murya, shawarata ita ce a zauna a WhatsApp. Ƙaura ba za ta magance abin da ya faru da gwaggota ba, domin irin wannan kira zai iya cin ta a Telegram ma, kuma a can asarar ta fi yawa. Abin da muka yi a gidanmu shi ne ranar wani suna aka bi wayoyin manya ɗaya bayan ɗaya, aka kunna musu mataki na biyu, aka rubuta lambar sirrin a takarda aka ajiye tare da takardun gida, aka kuma yi yarjejeniya cewa duk saƙon neman kuɗi sai an kira an ji murya kafin a tura ko sisi.

Ɗan kasuwa ko mai sana'ar gida da ke karɓar oda ta waya shi ma WhatsApp ce kasuwarsa, kuma sigar WhatsApp Business kyauta ce. Abin da ya wajaba a kansa shi ne ya kunna kwafin ajiya mai kulle, ya riƙa duba kwanan watan ajiya ta ƙarshe, kuma kada ya saki kaya saboda hoton rasiɗin banki har sai ya ga kuɗin a asusunsa.

Malami mai yaɗa karatu, da ƙungiyar ɗalibai, da duk mai son tara fayiloli masu yawa inda sabon zuwa zai same su, Telegram ta fi musu, haka ma mai wayar da kullum take kukan cikewa. Sharaɗin shi ne a ɗauke ta a matsayin ɗakin karatu ko dandali, abin da ba za a faɗa a bainar jama'a ba kada a rubuta shi a zaurenta.

Ɗan jarida da majiyarsa, lauya da wanda yake karewa, likita da majinyacinsa, masu sasanta rikici, da duk wanda sanin da wa yake magana kaɗai zai iya jefa wani cikin haɗari, su sauke Signal, su kunna saƙo mai goge kansa, su bar sauran hulɗa a inda take. Ba sai an zaɓi ɗaya an jefar da sauran ba, waya ɗaya tana ɗaukar ukun idan tana da wuri.

Sai matafiya. 'Yan kasuwarmu masu zuwa Dubai su sani cewa kiran murya da na bidiyo na WhatsApp ba ya aiki a layukan Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, ko da yake rubutu da saƙon murya suna tafiya, kuma a can manhajoji masu lasisi irin su Botim ake kira da su. Masu zuwa Guangzhou kuwa su san cewa ƙasar Sin ta toshe WhatsApp da Telegram da Signal duka, abokan cinikinsu a WeChat suke, wadda ba ta da cikakken kulle. Su buɗe ta tun suna gida, su gwada ta da wanda za su bari a shago, kuma su tabbatar layinsu na gida zai ci gaba da karɓar saƙon tes a can.